Doki ma yana buƙatar takardar likita

Jama'a, duk lokacin da Sallah ta matso kun san yadda ake yi. A ɗauko doki daga Sakkwato ta hanyar Bungudu, ko daga Funtuwa ta Tsafe, a sauke shi a Sabon Garin Gusau, kafin magariba an ɗaure shi kusa da sauran. Kowa tsayi da kofato yake dubawa, ba mai tambayar takardar lafiyarsa.

Ku tuna ƙarshen 2018, da murar dawaki ta ɓulla a jihar Sakkwato. Jakunan talakawa ne suka fi mutuwa, masu ɗauko ruwa da yashi. Ciwo ne da ke bin numfashi: tari, majina, zazzaɓi. Doki ɗaya ya isa ya kwantar da barga guda.

Dokar kuwa akwai ta. Tun 1988 gwamnatin tarayya ta tanadi wuraren duba dabbobi a kan hanya, da takardar izinin tafiya da su. A 2021, saboda tsaro, gwamnatin Matawalle ta dakatar da shiga da fita da dabbobi a Zamfara. Ashe in an ga dama ana iya tsare mota. To don Allah, in an tsare ta, a leƙa hancin dokin mana, ba kuɗin haraji kaɗai ba.

Mai saye, nemi takardar likitan dabbobi. Ka ware sabon dokin mako biyu, da bokitinsa daban. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu.