Taurarin Fadamar Haɗeja

A zamanin ƙuruciyarmu a Haɗeja, masu kwana a waje su ne suka san sama. Da bazara, idan zafi ya koro mu daga ɗaka, a tsakar gida muke baje tabarmi, kakarmu tana nuna mana kaza da 'ya'yanta. Baffana kuwa masunci ne, fitowar gamzaki yake jira ya tura kwalekwale cikin kogi. Iliminsu mai kyau ne, sai dai a ka yake, ba a rubuce ba.

Ranar Laraba, 29 ga Maris 2006, aka yi husufin rana. Da hantsi haske ya dusashe, iska ta yi sanyi, manya suka nufi masallaci, mu kuma muka zuba ruwa a kwano muna leƙen ranar a ciki, saura ɗan siririn baki kamar jinjirin wata. A Gusau da Maraɗi duhu ne ya rufe baki ɗaya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tun kafin ranar rediyo ya faɗi lokacin. Na tambayi malaminmu yadda aka yi suka sani. Ya ce, "Lissafi ne, yaro, amma kayan aikin suna Turai."

Gaskiyarsa ce a lokacin. Yanzu kuwa ɗan ƙanwata da wayarsa yake shiga rumbun bayanan tauraron ɗan'adam Gaia, wanda hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba a 2013. A Yunin 2022 aka saki bayanan taurari kusan biliyan 1.8, kyauta ga kowa. Ba sai ya sauke su duka ba. Tambaya yake turawa, manyan kwamfutocin can su yi tankaɗe da rairaya, su aiko masa da amsar kaɗai. Da idona na ga ya nemo nisan taurarin kaza da 'ya'yanta, shekarun haske sama da 400. Allah ya jiƙan kakarmu, da tana raye da ta yi murna.

Kira nake ga malaman Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da na kwalejin Binyaminu Usman: ku koya wa yaranmu shiga irin waɗannan rumbuna, ku kuma rubuta sunayen taurari daga bakin tsofaffin masunta tun suna da rai.