Ƙasusuwan Bayan Shagona

Mutanen Sabo! Na san magana ta zaga unguwa, wai Malam yana tara ƙasusuwa a bayan shago. Gaskiya ne, kuma gara ku ji daga bakina.

Abin ya faro ne daga ɗana da ke karatun likitan dabbobi a Jami'ar Ibadan. Wata Babbar Sallah ya roƙe ni kada a sare kan ragonmu da gatari. Uwarsa ta yi ta faɗa, don ita ƙwaƙwalwar take so. Muka zauna ni da shi muka gyara kan, tun daga ranar kuwa abin ya shiga raina. Yanzu ina da kan rago huɗu, na akuya biyu, da ƙwarangwal ɗin zabo da muka ɗaure da waya.

Aikin ba wuya, haƙuri yake so. Ba a babbaka kan, feɗe shi ake yi. Sai a dafa a wuta kaɗan kaɗan har naman ya saki. In ya tafasa da ƙarfi haƙora su zube. Ƙahon kamar kube yake, zare shi ake yi daga ƙashin da ke ciki, a wanke a shanya daban. Daga nan a jiƙa ƙoƙon a ruwan ɗumi da garin sabulu, ana canjawa har maiƙon ya fita. Fari kuwa da haidurojin ake samunsa, wanda ake wanke ciwo da shi a kemis. Kan farko da na yi ni kaɗai bilic na zuba masa, bayan 'yan watanni ya fara garewa kamar alli.

To, wata rana yaro ya leƙa ya ga kawuna a rana, ya kai labari gida. Kafin mako ya zagayo, wani dattijo da ya shekara goma yana bina sallah ya koma wani masallacin. Wallahi abin ya yi mini ciwo. Amma da na zauna na yi tunani, ban ga laifinsa ba. Muna zaune a inda labarin tsafin kuɗi ba ya ƙarewa, kuma duk mun ga abin da ƙaramar hatsaniya ta jawo a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021. Baƙo ba ya wasa da jita-jita. Laifina shi ne ɓoyewar da na yi don jin kunya.

Sai na ɗauki kan rago guda bayan Isha'i na aje a ƙofar masallaci. Na ce jama'a, ga abin da ake faɗa. Ban rataye shi don maganin kambun baka ba, kamar yadda wasu ke yi a gonaki; ƙashi ba ya kare kowa. Ba na taɓa mushe, domin a mazhabarmu ta Malikiyya ƙashinsa najasa ne, sai abin da aka yanka. Na layya kuma ba na sayarwa, ko da an taya.

Sannan na buɗe musu muƙamuƙin. Rago ba shi da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri. A ƙasa guda takwas ne. Biyun tsakiya su ke fara famfara, wajen shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wanda ya san wannan, dillali a kara ba zai sayar masa da ɗan rago a ce shekararsa biyu ba. Ɗana ya ƙara da cewa gaɓoɓin wuyan rago bakwai ne, na raƙumi bakwai, namu ma bakwai. Dattijon nan ya shafa wuyansa ya ce "Subhanallah!" Na tuna musu aya ta 259 a Suratul Baƙara, inda aka umarci bawan Allah ya dubi ƙasusuwan jakinsa ya ga yadda ake tayar da matattu.

Washegari da Asuba na gan shi a sahun gaba. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Mai son gani ya zo shago bayan La'asar, ya taho da yaransa. Bana kuma wanda zai je kara, ya biyo mu duba haƙora tukuna. Allah Ya tsare mu da mugun zato, amin.