Farfelar Yaya

Duk wanda ya tashi a Samaru ya san ƙugin ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Mu dai muna yara sai mu ɗaga musu hannu mu koma wasanmu. Shi kuwa Yaya sai ya tsaya sororo, yana bin jirgi da ido har ya ɓace. Da ya girma ya zama makaniki, ya ji labarin jiragen Air Beetle da ake harhaɗa wa sojojin sama a Kaduna, sai ya ce in dai hannun mutum ne ke ɗaura su, shi ma Allah ya ba shi hannu.

Shekara uku ya yi yana tara bututun ƙarfe da falankin alminiyam a bayan gida. Ya sayi injin tsohuwar Volkswagen, don shi iska ke sanyaya shi, ba ruwa. Kuɗin kuwa na filin da Baba ya bar mana ne, ni da shi, ya roƙe ni na yarda aka sayar. Inna ba ta ce uffan ba, sai dai sallar darenta ta ƙara tsawo.

Da aka zo kan farfela sai aiki ya tsaya. Muka shiga motar haya zuwa Sabon Gari, muka zaga masu kayan gyara da 'yan gwangwan. Wannan ya nuna mana fankar lagireto, wancan ya kawo fikafikan fankar sama. Daga ƙarshe Yaya ya kai zane wurin wani kafinta, aka sassaƙa masa wata doguwa daga gungumen maɗaci guda, ta fi ni tsawo, aka shafe ta da mai tana ƙyalli. A ganinmu, iya tsawonta iya ƙarfinta.

Ranar gwaji muka ɗaure jirgin a jikin darbejiya, Yaya ya tayar da inji. Gida ya ɗauki ƙara, kaji suka watse. Can sai muka ji "fau!" Ashe itacen ya tsage ta bin jijiyarsa, ɓari guda ya yi sama ya caki bangon ɗakin girki, daidai inda Inna ke zama tana tankaɗe. Allah ya sa ta shiga ɗauko gishiri.

Washegari wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi ritaya daga aikin gyaran jirage, ya yi sallama. Ya ɗauki ɓarin ya jujjuya, ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka farfela fanka ce?"

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a ganar da ni."

Dattijo ya zauna a kan turmi ya yi mana karatu. Ya ce farfela fiffike ne mai juyawa, kuma 'yan'uwan nan biyu na Amurka, su Wright, sai da suka gane haka suka sassaƙa tasu kafin su tashi a 1903. Bakinta ya fi gindinta gudu, shi ya sa ake murɗa ta, gindi ya karkata sosai, baki ya kwanta. Karkatar nan kuwa kamar giyar mota ce: in kaɗan ce, jirgi ya tashi da wuri amma ba ya sauri, in ta yi yawa, inji ya shaƙe tun a ƙasa. Ya ce injin Volkswagen yana juyi sama da dubu uku a minti, in aka ɗaura masa doguwa, bakinta ya kusanci gudun sauti, sai ƙara ba ja. Gajera yake so, kuma ba daga gungume guda ba, sai siraran katako da aka manna bisa juna, a auna har ɓangarorin biyu su yi daidai.

Wata biyu suka yi suna sassaƙa gajeruwar. Da aka gama, dattijo ya sa aka ɗaura sikeli tsakanin jirgi da darbejiya don a ga ƙarfin janta, aka kuma auna nauyin jirgin. Farfela ta yi kyau, ba rawa ba tsagewa. Amma dattijo ya duba lissafinsa ya ce, "Ɗana, farfela ta yi, jirgin ne ya yi mata nauyi. Ga kuma zafin Zariya, iska ba ta da kauri. In ka matsa, wataƙila ya ɗaga, amma ban ga yadda zai sauke ka lafiya ba."

Na dubi Yaya, na tuna filinmu, zuciyata na cewa ya gwada ko kuɗin su yi rana. Har yau ina jin kunyar wannan tunani. Shi kuwa ya daɗe shiru, sannan ya ɗauko sifana ya kwance farfelar da hannunsa, ya kai wa Inna ya ajiye a gabanta.

Ta shafa ta, ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Jirgin 'yan gwangwan suka saye shi a kilo. Farfelar kuwa tana nan rataye a shagon Yaya, kuma duk yaron da ya tambaya, sai ya sauko da ita ya nuna masa inda aka murɗa.