Daren da Na Ƙona Shadda

Saura kwana uku Ƙaramar Sallah, mu biyar muke kwana a wani shagon ɗinki da ke Gyadi-Gyadi, daf da titin Zariya. Wajen ƙarfe biyun dare gyangyaɗi ya fizge ni, dutsen guga ya cinye gaban shaddar wani dattijo ɗan Tarauni.

Kekuna suka tsaya cak. Kowa ya zuba wa maigidanmu ido, domin a fuskarsa muke gane ko abu na tsoro ne ko na haƙuri.

Ya ɗaga rigar, ya duba, sannan ya ce, "Yaro, je ka wanke fuskarka. Da safe a sayo wani yadin a Kantin Kwari."

Nan take zukata suka kwanta. Wani ya karɓi gugar, wani ya ce shi zai sake yankan, na uku kuwa ya ajiye wani abu daga kuɗin Sallarsa a kan tebur.

Da tsawa ya daka, da kowa ya sunkuya kan kekensa yana tsare mutuncinsa, ni kuma in kwana ni kaɗai da kuskurena. Yau da nake da yara a shagona, in ɓarna ta auku, fuskata nake fara gyarawa.