Bazara a Jami'ar Dutse

Bazara ita ce lokacin da ke tsakanin hunturu da damina. Cikin watan Maris da Afrilu da Mayu rana ta kan yi zafi ƙwarai, ruwan rijiyoyi ya ja baya, mangwaro ya nuna. A Kiyawa da Shuwarin da Andaza manoma su kan yi sharar gona, su kai taki a kan jakai da amalanke, su gyara fartanya da garma, sa'an nan su zuba ido gabas. Ba a girbin kome a gonar tudu a wannan lokaci, amma manomin da ya yi barci da bazara shi ne zai sayi hatsi da kaka.

To, akwai wani wuri kusa da Kiyawa inda a ke irin wannan shiri, ko da ya ke ba hatsi a ke nema ba. Wurin nan shi ne Jami'ar Tarayya ta Dutse. Jami'a ita ce makarantar da ta fi kowace girma. Sai wanda ya gama firamare, ya gama sakandare, ya kuma ci jarrabawar shiga, shi a ke ɗauka.

A dā mai neman irin wannan ilmi sai ya yi doguwar tafiya. A 1948 aka buɗe kwalejin jami'a ta fari a Ibadan. A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A 1977 Kwalejin Bayero ta Kano ta zama cikakkiyar jami'a. Bayan an kafa Jihar Jigawa a 1991, sai da aka yi shekara 20 kana Dutse ta sami tata, watau a 1911 da ɗari ɗaya a kai, shekarar 2011. Yanzu ɗan Kiyawa ya kan hau mota da safe, kafin awa guda ya isa ƙofarta.

Da bazara masu karatu a jami'a su kan yi sammako, don su ci moriyar sanyin safiya. Waɗansu su nufi ɗakin lacca, inda malami guda ke karantar da mutum fiye da ɗari. Waɗansu su nufi ɗakin littattafai, inda ba a magana sai da raɗa. Da rana ta take, sai ka gan su jefi jefi ƙarƙashin darbejiya, kowa da littafinsa. A 2023 da 2024 watan azumi ya faɗo cikin bazara, ga ƙishirwa ga karatu. Ilmi ba ya samuwa da kwance.

Masu koyon aikin gona su ne suka fi kusa da manomi. Ga wani abu da a ke koya musu, wanda ɗan firamare ma zai iya gwadawa. A ƙirga ƙwayar gero ko ta dawa guda 100, a jera su a kan jiƙaƙƙen buhu, a naɗe, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako guda a buɗe, a ƙirga waɗanda suka tsiro. In 90 suka tsiro, irin yana da kyau. In 40 kaɗai suka tsiro, sai a nemi wani tun ruwa bai sauka ba. Da wannan ɗan gwaji gida zai tsira daga asarar shuka.

Har wa yau su kan koyi sha'anin dabino, wanda ƙasar Dutse ta yi suna a kansa, har Gwamnatin Tarayya ta kafa tashar bincikensa a can. Dabino akwai namiji akwai mace, mace ce kaɗai ke 'ya'ya, sai kuma garin furen namiji ya kai gare ta. Wanda ya shuka ƙwallo ba zai san abin da ya samu ba sai bayan shekaru, ran da itacen ya yi fure. Amma wanda ya cire ɗan da ya fito a gindin uwa ya dasa, ya tabbata irin uwar zai samu.

Masu koyon aikin likita kuwa su kan je Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a cikin Dutse. Bazara ita ce lokacin sanƙarau, cutar da ta kashe dubban mutane a Arewa a 1996. Ta kan yaɗu inda mutane da yawa ke kwana a ɗaki guda ba iska. Alamarta zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da sanƙarewar wuya. Abin da likitoci ke faɗa wa jama'a shi ne a buɗe tagogi, a karɓi allurar rigakafi, wanda ya kamu kuma a kai shi asibiti nan da nan, kada a jira gobe.

Ba karatu kaɗai a ke yi a jami'a ba. Da la'asar, in rana ta yi sanyi, fili ya kan cika da 'yan ƙwallo. Ƙungiyoyin ɗalibai su kan shirya muhawara da kacici-kacici da wasan kwaikwayo. Wani ya fito a mai gari, wani a ɗan kasuwa mai algus, jama'a su yi ta dariya, amma kowa ya koma da abin tunani. Wata rana kuma a kan yi nunin al'adu. Bahaushe ya sa babbar riga, Bafillatani ya ɗora malfa ya rataya sanda, Bayarabe da Ibo da Babarbare kowa ya fito da tufafinsa da abincinsa. Da haka yaron da bai taɓa wuce Shuwarin ba zai san Nijeriya tana da faɗi, ya kuma koyi zama da wanda ba harshensu ɗaya ba.

Wannan gida ba na maza kaɗai ba ne. Daga 2016 zuwa 2021 mace ce ta shugabanci jami'ar, watau Farfesa Fatima Batul Mukhtar, masaniyar ilmin tsirrai. Ita ma ba a haife ta da ilmin ba, da koyon baƙaƙe ta fara kamar kowa.

Abin baƙin ciki shi ne, da bazara ne waɗansu yara ke fara fashin makaranta. Yau a ce kasuwa, gobe a ce kai taki, jibi a ce talla, har a manta da hanyar aji. Taimakon iyaye wajibi ne, amma akwai yamma, akwai Asabar da Lahadi. Jami'a ta zo kusa, amma ba ta da ƙofar da wanda ya bar firamare zai bi.

Ƙuruciya ita ce bazarar mutum. Wanda ya share gonarsa tun yanzu, in Allah ya kawo ruwa, ba zai rasa abin girbi ba.

Tambayoyi

1. Waɗanne ayyuka manomi ke yi da bazara?
2. A wace shekara aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse?
3. Ƙaƙa a ke gwada iri kafin shuka?
4. Faɗi alamomin sanƙarau guda 3.