Kwamfutarmu Da Ƙurar Hunturu

Tun da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, mu 'yan aji shida, yawancinmu daga Gafasa, muka san dole mu saba da ita. Ga shi guda ɗaya tak ke aiki a makaranta.

Ana tsakiyar hunturu sai ta soma ɗaukewa. Muna cikin gwaji fuskarta za ta koma shuɗiya, ta mutu, ta sake tashi. Wasu suka ɗora wa janareta laifi. Malam ya ce mu bi a sannu. Muka cire sabuwar firinta, muka goge manhajar da ke haɗa su, wai ita direba. Sunan ya ba mu dariya. Kwana biyu lafiya lau, rana ta uku ta koma gidan jiya.

Sai Malam ya buɗe cikinta. Ashe ƙura ta toshe fanka! Muka hure ta. Ya zare RAM biyun, ya gwada su ɗai-ɗai, ɗaya ya lalace. Sabo kuwa sai Kano, kasuwar Farm Centre. Muka yi karo-karo, muka ci gaba da layi a kan ɗayan da ya rage, tana tafiyar hawainiya, jarrabawa saura mako uku.