Ina Ruwanmu Da Aladen Daji?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in yi magana a kan wata dabba wadda jama'a ke ƙyamar ko ambaton sunanta, watau aladen daji na ƙasashen Turai da Asiya, ɗan'uwan gadun da ke dajinmu.

Wannan dabba takan ɗauki cuta iri iri. Akwai zazzaɓin alade, wanda aka fara gane shi a Kenya, aka bayyana shi a 1921. Can gadu da kaska ne ke ɗauke da shi, shi gadun kuwa ko tari ba ya yi. Cutar ta shiga ƙasar Jojiya a 2007, ta bi aladen daji ta isa Poland a 2014, da Jamus a 2020. Don tsoronta Danmak ta ja shingen waya na kilomita 70 a kan iyakarta da Jamus a 2019. Wannan cuta ba ta kama mutum, amma in ta shiga garke sai ta share shi kaf. Akwai kuma waɗanda ke kama mutum in ya ci naman bai dahu ba, watau wani irin ciwon hanta, da wata 'yar tsutsa mai shiga tsoka ta sa zazzaɓi da kumburin ido.

Da na karanta wa abokan aikina wannan labari a ofis, sai wani dattijo ya ce, "Malam, mu da ba mu kiwonsa, ba mu cin namansa, ina ruwanmu?" Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na san da yawa cikin masu karatu haka za su ce.

To, jama'a, ku duba abin da ke faruwa a kudancin Sifaniya. Can aladen daji na ɗauke da tarin fuka irin na shanu. In rani ya yi tsanani, ruwa ya janye, sai shi da shanu su haɗu a tafki ɗaya. Ya yi birgima a taɓo da dare, ya bar yawunsa a ruwa, da safe saniya ta zo ta sha. Ciwon kuwa yakan bi nono ya kama mutum, muddin ba a tafasa ba. Ashe ke nan mutumin da bai taɓa ganin alade ba yana iya shan cutarsa cikin ƙwarya. Maganin da suka samu shi ne raba mashaya, a kewaye ta shanu da shinge.

Ni ɗan makiyaya ne ta wajen uwa, na san yadda tafki ɗaya ke shayar da mutum da saniya da naman daji a watan bazara. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda haka ina roƙon malaman makaranta su koya wa yara tafasa madara, makiyaya kuma su kai wa likitan dabbobi duk saniyar da ke tari tana ramewa, mafarauta su daina yar da kayan ciki a bakin ruwa.

Iyakar maganata ke nan. Allah ya kiyashe mu da dabbobinmu, amin.

Ni ne naka,
Wani Akawu.